Ba Ruwan Zafin Ba Ne, Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Malama A'ishatu, wadda muke kira Umma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, makwancinki a yalwace, da haske. Ni ce Saudatu, 'yarki ta fari, wadda ba ki taɓa kama sunanta ba sai dai ki ce "ke 'yar nan". Daga Abuja nake rubuto miki, garin da ba ki taɓa takawa ba. Ina nan lafiya, kuma wannan karon ba lafiyar gaisuwa nake nufi ba.

Inda zan ajiye wannan takarda mutane da yawa za su karanta. Na san da kina nan da kin ja mayafi kin rufe fuska kin ce yarinyar nan ba ta da ta ido. Maganar fitsari zan yi, Umma, a bainar jama'a, da sunana a ƙasa. Ki yi mini haƙuri. Kunyar wannan maganar ce ta kusa kawo ni inda kike.

Kin tuna ranar taliya? Ina da shekara goma sha uku, a gidanmu na Zariya. Kin bar ni da tukunya kin ce in tace. Na ɗauko ta da tsumma, zafi ya ratso ya kama mini yatsu, na ruga na sheƙa ruwan a makwararar da ta bi ta bayan bayi. Ban sirka da na sanyi ba, ban yi bismillah ba. Kin sha faɗa mana cewa ba a zubar da ruwan zafi a irin wurin nan haka kawai, don akwai mazauna da ba ma gani. Na sani sarai. Sauri ne da ƙunar hannu.

Da la'asar ɗin ranar kika ɗauki buta kika shiga bayi. Muna tsakar gida muka ji faɗuwa. Aka fito da ke kin jiƙe sharkaf da gumi, fuskarki ta yi fari, kin dafe kai da hannu biyu kina cewa zuciyarki za ta fito. Goggo Lami, yayar Baba, ita ta tallabe ki. Da ta ɗago sai ta tambaya ko akwai wanda ya zubar da ruwan zafi a gidan yau. Ni da wautata na ce ni ce. Ta dube ni ta ce, "Shi ke nan. Kin ƙona musu 'ya'ya, sun rama a kan uwarki."

Kalma goma sha biyu ce, na sha ƙirga su. Ta faɗa ta juya ta ci gaba da yi miki fifita.

Shekara ɗaya da 'yan watanni kika ƙara a duniya. An yi miki rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya har muryar malamin ta dushe. Sau biyu Baba ya kai ki asibiti, sau biyu aka ɗaura miki abin awo a hannu aka ce jininki lafiya lau. Wannan ya ƙara tabbatar wa kowa cewa ba ciwon asibiti ba ne. Wata Talata da hantsi kika sake faɗuwa a bayi, ɓarin jikinki ya shanye, kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Shekararki talatin da tara.

A zaman makoki matan unguwa abu ɗaya suke ta yabo: riƙon alwalarki. Wai ke da alwalar asuba kike sallar azahar, da ta la'asar kike kai isha'i. Na ji daɗin yabon, har na riƙa maimaita shi ga mutane bayan na girma. Na tuna leɓɓanki kullum a tsattsage kina shafa musu man kaɗanya. Na tuna yadda kike kurɓar koko sau biyu ki ture kofin, da yadda ba kya cin kankana, wai tana sa miki sanyi. Na tuna kuma duk shekara ba lokacin da kike walwala kamar watan azumi. Duk wannan na ɗauke shi a matsayin tsoron Allah, kuma ban ce babu shi a ciki ba.

Ban taɓa gaya miki abin da Goggo ta ce ba. Ban san ko kin ji ba, a halin da kike ranar. Tsakanina da ke akwai kunyar 'yar fari, ba ma zama mu yi hira kamar yadda kike yi da Sani ƙanena. Sau ɗaya na kusa. Ina matsa miki ƙafa, na buɗe baki na ce "Umma", kika ce, "Ke 'yar nan, miƙo mini carbi." Na miƙa miki, maganar ta koma ciki.

Na yi karatu, Umma, kamar yadda kika so. Na yi digiri, na samu aiki a ma'aikatar gwamnatin tarayya, ina da ofis da na'urar sanyaya ɗaki da mutanen da ke miƙewa in na shigo. Na yi aure, Allah ya ba ni mutumin kirki. Na haifi 'ya mace na sa mata sunanki, muna ce mata Walida. Amma duk wannan bokon bai taɓa shiga kicin tare da ni ba. Ban taɓa tace shinkafa ban buɗe famfo ba. Ranar da Walida, tana 'yar shekara goma sha biyu, ta juye ruwan taliya a sinki yana tururi, ban san lokacin da na ɗauke ta da mari ba. Shi ne kaɗai marin da na taɓa yi mata. Ta riƙe kunci tana kallona.

Shekara bakwai da suka wuce abin ya zo mini. Na zagaya da safe kamar kullum, ina miƙewa sai kaina ya sara kamar an buga mini taɓarya. Zuciyata ta hau dukan ƙirji, gumi ya keto, hannuwana suka yi sanyi, ga wani irin tsoro da ba shi da dalili. Minti biyar ko goma ya sake ni. Na zauna a bakin baho na ce a raina, to, sun gano inda nake.

Ban yi mamaki ba. Gaskiya ma mamakin da na yi shi ne da suka daɗe haka.

Na je asibiti fa, kada ki ce ban je ba. Na gaya wa likitoci ina ciwon kai, ina bugun zuciya, ina yawan gumi. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne lokacin da yake zuwa. Da wane baki zan dubi namiji in ce masa sai na yi fitsari? Kuma a ganina wannan ɓangaren ba nasu ba ne, na malamai ne. Su auna ni su ga jini daidai, su ce gajiya ce da damuwa, in rage aiki. In an ce a kawo fitsari don gwaji, daga gida nake zuwa da shi a kwalba, don kada abin ya kama ni a gaban mutane. Ni da kaina na riƙa ɓoye musu abin da na je su nemo.

Sai na koyi dabara. In ba ka sha ba, ba ka zagaya ba. A taron ofis a ajiye wa kowa robar ruwa, tawa ta koma gida a jaka ba a buɗe ba. Abban Walida in ya biyo ta kasuwar Zuba sai ya ciko bayan mota da kankana, ya yanka ya jera a faranti, in ce masa tana sa mini sanyi. Yakan yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai gudun kankana a zafin Abuja ba sai ni. Leɓɓana suka fara tsagewa, na sayi man kaɗanya. Rannan a masallacin mata na ofis wata abokiyar aikina ta ce wa sauran, "Ku dubi Hajiya Saudatu, ita ba ta sake alwala, tun daga gida har la'asar." Suka ce masha Allah.

Tsaye nake zan tayar da salla, sai na koma na zauna. A wannan minti na gane ki, Umma. Ashe ƙishirwa ce. Ashe duk shekarun nan da ake yabonki, ƙofar bayi kike gudu.

Da na cika talatin da tara na fara shiri a ɓoye. Na tattara takardun gida wuri ɗaya. Na matsa wa Walida da koyon girki da wanki da duk abin da na ga za ta buƙata in ba ni, har ta kai ƙarata wurin babanta wai na tsane ta. Na wuce shekarunki da ɗaya, na wuce da biyu, abin kuma yana ƙara yawa. Kullum in zan shiga bayi sai na karanta addu'a sau uku, in waiga in kalli falon gidana da kyau.

Yadda asirin ya tonu abin dariya ne. An ce duk ma'aikata su je gwajin lafiya. Na je da kwalbata a jaka kamar yadda na saba. Mai awon jini wata nas ce, Sista Ladi, 'yar Yangoji, gajeriya mai faɗa, da Hausarta irin ta Abuja wadda kowa "ka" ne a wurinta. Ta auna ni ta rubuta, komai daidai. Da na fito da kwalba sai ta ture ta da bayan biro ta ce, "Madam, wannan ba zai yi ba. Fresh one muke so. Ga toilet can, je ka kawo." Na roƙe ta, na nuna mata katin ofis, na ɗan yi mata ogantaka. Ko gezau. Na shiga ina ce mata marar mutunci a raina.

Da bin bango na fito. Ta ɗago ta gan ni, ta ture kujera ta zaunar da ni, ta mayar mini da abin awon nan take. Ta dubi lambar, ta kwance ta sake ɗaurawa. Ta aika aka kawo wata na'urar ta sake aunawa. Sannan ta ce, "Ba kai na auna yanzu-yanzu ba? Wannan jini zai iya fasa kai fa." Ta jawo kujera ta zauna daf da ni, ta rage murya: "Gaya mini gaskiya. Kullum in ka yi fitsari haka yake yi maka?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na fashe da kuka a gaban layin mutane. Na ce mata shekara bakwai, na ce mata aljanu ne, gado ne daga uwata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara bakwai! Kuma ka yi school!" Sannan ta ce, "Mu ma a ƙauye muna tsoron abin toilet. Amma Madam, aljani ba ya nunawa a machine. Wannan ya nuna." Ta kama hannuna ta kai ni wurin likita da kanta, ba ta bari na yi bayani ba, ita ta yi.

Aka yi mini hoton ciki, aka ga ƙari a jikin mafitsara. Da na ji kalmar ƙari na ce shi ke nan, na tsere wa aljanu na faɗa hannun ciwon daji. Aka tura ni wurin likitan mafitsara, wani dattijo Bakatsine mai magana a hankali kamar ba ya so ta ƙare. Ya zura wata siririyar na'ura mai kyamara ya leƙa ciki, ya juyo da allon ya nuna mini. Wani ɗan tudu ne sumul, kamar an ɓoye goro ɗaya a ƙarƙashin zani. Na ce ya yanko kaɗan a gwada mana a huta. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, in abin da nake zato ne, ba a tsokanar shi. Taɓa shi ba shiri na iya kai jininki inda ba za mu iya sauko da shi ba. Sai mun tambaye shi sunanshi tukuna."

Tambayar sunan ita ce a ɗebi jini, sannan in tara duk fitsarin da na yi na yini da kwana a jarka. Ni da nake zagayawa sau biyu a rana da kyar, aka ce in sha ruwa kamar kowa. A nan dole ta sa na gaya wa Abban Walida. Ya dube ni ya ce, "Shekara bakwai muna ɗaki ɗaya, Saude?" Bai ƙara ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ranar Asabar ɗin nan kujera ya ajiye a ƙofar bayi, da abin awo a cinya da takarda da biro. In shiga, in fito a jiƙe, ya auna ya rubuta, ya riƙe ni har ya wuce. Sau shida muka yi haka.

Da sakamako ya fito likitan ya zana mini a takarda. Ya ce wani irin ƙari ne da ba kasafai ake samunsa a mafitsara ba, shi kansa a littafi ya fi saninsa. Yawancinsu ba daji ba ne. Aikinsa shi ne yana tara irin sinadarin da jiki ke saki in mutum ya firgita. Duk lokacin da mafitsara ta matse don ta fitar da fitsari, sai ta matse shi, ya watsa abin cikin jini gaba ɗaya. Jini ya hau sama, kai ya sara, zuciya ta ruɗe, mutum ya ji tsoro kamar ya ga mutuwa. Bayan 'yan mintuna komai ya koma daidai, shi ya sa in aka auna a ofishin likita ba a ganin komai.

Kin ji, Umma? Tsoron da kike ji gaskiya ne, ba ki ƙirƙira ba. Amma ba a bayi yake jiranki ba. Tare kuke shiga.

Sai ya tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa irin wannan. Na ba shi labarinki tun daga farko, har da taliyar, ina magana ina jin kunyar kaina. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ba zan rantse miki ba, tunda ba mu duba ta ba. Amma irin wannan yakan bi jini a wasu gidajen, kuma abin da kika faɗa ya yi kama da shi ƙwarai. Ruwan zafi dai ba ya shuka ƙari a cikin mutum."

Kafin aiki aka ɗora ni a kan magani na sati biyu, mai toshe wa sinadarin hanya. Wani abin da zai ba ki dariya, ni mai hawan jini aka ce in ƙara gishiri a abinci, in yi ta shan ruwa, don kada jinin ya faɗi ƙasa warwas in an cire ƙarin. Abban Walida ya ɗauki abin da zafi. Ya je kasuwar kifi ta Kado ya jibgo busasshen kifi kamar za mu buɗe shago, ya tsaya a kaina da kofi kamar mai ba yaro magani. In na miƙe da sauri jiri ya ɗebe ni, sai Walida ta ce in riƙa tashi irin na manyan mata.

An yi aikin da safe. Sun yanke ƙarin tare da ɗan ɓangaren mafitsarar da yake manne, suka ɗinke. Na yi kusan sati biyu da robar fitsari da jakarta a ƙarƙashin hijabi, ina karɓar 'yan dubiya ina murmushi kamar ba komai. Aka kai abin da aka cire ɗakin gwaji. Ranar da muka koma, likitan bai bari mun gama zama ba ya ce, "Alhamdu lillahi, ba mu ga alamar ya bazu ba, kuma an cire shi duka." Ya ce amma irinsa ba a sallamarsa gaba ɗaya, duk shekara zan riƙa zuwa a duba, har iyakar rayuwa. Ya ce a kawo Walida da Sani su ma a gwada. An gwada su, ba a ga komai ba, su ma za a riƙa bibiya. Sani da ya ji maganar jarka sai da ya yi kwana uku yana cewa shi lafiyarsa ƙalau.

Ranar da aka cire robar na shiga bayin asibiti ni kaɗai. Na yi addu'a, na yi abin da ya kawo ni, na miƙe na dafa bango na runtse ido ina jiran saran. Na jira. Na ji ƙarar fanka, na ji wata mata a waje tana waya tana faɗa da mai ɗinki. Kaina shiru, ƙirjina shiru. Na daɗe a tsaye har Abban Walida ya ƙwanƙwasa a tsorace. Na fito ina dariya ina kuka, na ce masa a kan hanya ya tsaya ya saya mini kankana.

Da na so, da na tsaya a nan. Amma "ba zan rantse ba" ɗin likita ta bar mini 'yar kafa a zuciya. In ƙari ne, me ya sa ya tashi a ranar taliya, ba kafin nan ba? Da na samu ƙarfi na shiga mota na tafi Zariya wurin Goggo Lami, tunda Baba shi ma ya rasu.

Ta tsufa sosai, Umma, idonta ya kusa tafiya, amma bakin yana nan. Na ba ta labarin aikin. Ta ce, "Ikon Allah, irin na uwarki ke nan. Ai ita tun tana da cikinki take fama." Na ce tun yaushe? Ta ce, "Tun tana amarya ma, in ta zagaya sai ta fito ta zauna a turmi tana haki. Da cikinki ta fara faɗuwa. Ba shi ya sa ubanku ya cire sakatar bayi ba, don a riƙa samun shiga a ɗauko ta?"

Sakatar bayi. Umma, na girma a gidan nan ina ganin ramukan ƙusa huɗu a jikin ƙofar nan. Mun saba rataya zani a sama ko mu ajiye takalmi a bakin ƙofa don a san da mutum. Baƙi su yi ta mita, mu yi ta dariya muna cewa Baba ya ƙi gyarawa don rowa. Ban taɓa tambaya ba. Shaidata tana nan a gabana kullum tun kafin in iya tafiya, ina tura ta da hannuna sau biyar a rana.

Na ce, to Goggo, me ya sa kika ce ni na jawo, ranar da na zubar da ruwan zafi? Ta karkata kai ta ce, "Ni? Yaushe na ce haka?" Na maimaita mata kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ta yi tsaki ta ce, "Kai, 'yar nan, ke ma da riƙo kike. In ma na faɗa, ai don ki riƙa kula ne. Yara sai da tsoratarwa." Sannan ta tambaya ko na zo mata da lemo.

Shekara ashirin da takwas na ɗauki maganar nan, mai ita ko tunawa ba ta yi. Raina ya ɓaci har na ji ɗacinsa a harshe. Na tashi na fita zaure na tsaya. Da na huce na dawo na ɓare mata lemon na sa mata a hannu, don tsohuwa ce, kuma ita ta yi miki wanka. Ba zan yi miki ƙarya in ce na gama yafe mata ba, ina dai kan hanya. Ban ce babu aljanu ba, Allah ya faɗa akwai su. Har gobe ina bismillah in zan zubar da ruwan zafi. Amma yanzu don Allah nake yi, ba don tsoro ba.

Da na dawo Abuja na kira Walida ɗaki na ba ta haƙurin marin nan. Ta ce ta manta. Ƙarya take, na ga idonta, jinina ce. Na zaunar da ita na gaya mata komai, da sunan komai, ba "zagayawa" ba "kama ruwa". Na ce duk ranar da jikinta ya yi mata wani abu, ko a ina ne, ko yaya faɗarsa take da nauyi, ta zo ta same ni. Ita ma 'yar farina ce, amma na ajiye wannan kunyar, ki gafarce ni. Sunanki ne a kanta, ina kiranta da shi wani lokaci in muna mu biyu.

Abin da ke sa ni kuka yanzu ba laifina ba ne, wannan ya sauka. Ke ce. Shekara goma sha biyar ko fiye kina shiga ɗakin nan kin san abin da ke jiranki, ki fito ki zauna a turmi, ki goge fuska, ki tashi ki ɗora mana tuwo. Ba mu taɓa sani ba. Abin da bai fi goro ba, wanda aka cire mini tsakanin hantsi da azahar. Da an samu wata Sista Ladi ta ture miki kwalba, wataƙila da yau kina nan kina yi wa Walida faɗan ɗankwali. Na san kwana ne ya ƙare. Amma ina kewarki, kuma ina jin haushin ƙishirwar da kika sha.

Na sa an ajiye randa biyu a ƙofar gidanmu, ƙarƙashin bishiya, da kofuna. Kullum da safe ni nake cika su kafin in tafi ofis. Masu gadi da 'yan acaɓa da masu tallan rake suna tsayawa su sha. Na yi niyyar ladan ya je miki. Ni ma a nan nake tsayawa in cika kofi in shanye a tsaye, wani lokaci har biyu.

Allah ya jiƙanki, Umma, ya gafarta miki, ya sa wahalar da kika sha a ɓoye ta zama kankarar zunubi. Allah ya jiƙan Baba da ya cire sakata bai gaya wa kowa dalili ba. Ya saka wa Sista Ladi da likitan nan da alheri, ya tsare Walida da Sani da zuriyarsu. Allah ya shayar da ke daga Alkausara. Malamai sun gaya mana 'yan Aljanna suna ci suna sha, amma ba sa zagayawa. In an miƙo miki, Umma, kada ki kurɓa ki ture. Ki shanye duka, ki ce a ƙaro.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Saudatu, ko kuwa "ke 'yar nan"
Abuja